A Auna Masu Shiga Lokaci Guda Kafin a Kama Hayar Uwar Garke

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin ƙungiyoyin da ke son buɗe wa membobinsu dandali na kansu a intanet, maimakon dogaro da Facebook ko WhatsApp, game da yadda ake zaɓar ƙarfin kwamfutar da za ta ɗauki dandalin, wadda ake kira uwar garke.

Kuskuren da na fi gani shi ne a mayar da adadin waɗanda suka yi rajista ma'auni. Ƙungiya mai membobi 2,000 tana iya wuni ba a samu mutum 30 a ciki lokaci guda ba, kuma su ɗin ma yawancinsu karatu suke yi, wanda ba ya ɗora wa na'ura nauyi sai a daidai ƙiftawar da suka buɗe wani sabon abu. Nauyin gaske yana zuwa ne a sa'ar da aka yi sanarwa kowa ya ruga ya duba, kuma wannan sa'ar ce ta cancanci a auna.

A ganina, ƙaramin dandali yana iya farawa da furosesa, wato sashen da ke gudanar da lissafi da ayyukan kwamfuta, mai ƙwaya ɗaya ko biyu, da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai, gigabait 2. A cikin biyun, RAM ne abin sa wa ido, domin idan ya cika, Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da uwar garken, tana komawa ta aro wuri a faifan ajiya, wanda ya fi shi jan ƙafa nesa ba kusa ba, in kuma abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai ta kashe manhajar da ta fi cin wuri, wadda sau da yawa ita ce rumbun bayanai irin MySQL ko PostgreSQL. Shi ya sa dandali yakan ɗauke ɗif alhali furosesa na zaune ba ya aikin kirki, mai kula da shi kuma ya je ya ƙara abin da bai gaza ba. Ni kaina na taɓa yin wannan ɓarnar kafin in koyi duba ma'aunin na'urar.

Faifan ajiya kuwa ba rubutu ke cika shi ba, hotuna ne. Idan membobi suna saka hoto 300 a mako, kowane megabait 3, an kusa cinye gigabait ɗaya ke nan a mako, kusan 47 a shekara, ban da bidiyo. Tun ranar farko ya kamata a ƙayyade girman abin da za a iya sakawa, a kuma sa manhajar ta riƙa rage nauyin hotuna. Ya dace a san cewa kamfanonin haya da yawa suna barin mutum ya ƙara RAM ya kuma rage shi, amma faifan da aka faɗaɗa ba ya komawa baya, don haka wanda ya faɗaɗa cikin gaggawa ya ɗaura wa kansa biya na dindindin.

Kada kuma alkawarin da kamfanonin haya ke yi cewa uwar garke za ta yi aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci ya ruɗi kowa, domin a lissafi yana nufin dandalin na iya ɗaukewa kusan sa'a tara a shekara, kuma bai ce komai a kan bayanan da suka salwanta ba. Kuɗin da za a kashe wajen ƙarin ƙarfin da ba a buƙata gara a sa shi a kwafin ajiya na kullum da za a adana a wani wuri dabam, a kuma gwada dawo da shi ko da sau ɗaya ne, kafin a gayyaci membobi.

Wassalam,
Wani mai karatunku