Zuwa ga Alhajin da ya tambaye ni: "In ba mu zaɓa musu ba, wa zai zaɓa?"

Assalamu alaikum Alhaji,

Ranar Asabar a taron iyaye da malamai ka miƙe ka tambaye ni: yaro ɗan shekara 14, wanda har gobe sai an yayyafa masa ruwa yake tashi sallar asuba, me ya sani da za a ce shi zai zaɓi abin da zai karanta? Ka ce kai ka gama magana, ɗanka likita zai zama. Aka yi tafi, shugaban taro ya ce lokaci ya ƙure. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, ga amsata a bainar jama'a.

Ka yi gaskiya, yaron bai sani ba. Ni ma ban ce a sakar masa linzami ba. Cewa na yi a nuna masa kafin a tambaye shi.

Duk shekara nakan raba wa 'yan aji uku na ƙaramar sakandare takarda, kowa ya rubuta abin da yake son zama. Tun kafin in tattara na san abin da ke ciki: likita, lauya, soja, injiniya. 'Yan mata kuwa nas, ko ungozoma, ko malama. Ban taɓa ganin wanda ya rubuta safiyo ba, ko mai haɗa magunguna, ko likitan dabbobi, alhali da yawansu da tumaki a gida suka tashi. Na taɓa tambayar wani mai son zama injiniya ko me injiniya yake yi, ya ce: "Malam, yana sa hular kwano." Iyakar abin da ya gani ke nan.

Da wannan ɗan sanin ake raba su. Masu maki sama a tura su ajin kimiyya, na tsakiya ajin kasuwanci, sauran a zuba su ajin adabi, har yaran su riƙa ganin kansu ragowa ne. Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba, rabon nan yana bin yaro har ƙofar jami'a. JAMB darasi huɗu take so, Turanci dole, sauran ukun kuma fannin da kake nema ne zai faɗa maka. Likita sai da fizis da kemistiri da bayoloji. Lauya sai da adabin Turanci. Sau nawa yaro yake gano an rufe masa ƙofa sai ranar da ya zauna gaban kwamfuta zai cike fom!

Kuma ba haka aka tsara ba. Da aka fara tsarin 6-3-3-4 (shekara shida firamare, uku ƙaramar sakandare, uku babbar sakandare, huɗu jami'a) a 1982, manufar shekaru ukun ƙaramar sakandare ita ce yaro ya ɗanɗana: ya taɓa katako, ya taɓa waya, ya taɓa ƙasa, ya taɓa lissafin kasuwa. An shigo da injuna daga ƙasashen waje, da yawa suka yi tsatsa a akwatunansu, babu wuta, babu mai koyarwa. Malamin ba da shawara da manufar ilimi ta ƙasa ta tanada kuwa, inda ma akwai shi, sai ka tarar an cika masa hannu da wani darasin, ko an miƙa masa bulala ya tsare ƙofa.

Ba na raina kimiyya, Alhaji. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977 sun fitar da 'ya'yan talakawa likitoci da injiniyoyi, Allah ya saka wa waɗanda suka kafa su. Sai dai mun wayi gari muna ganin duk wanda bai bi ta can ba bai yi karatu ba.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure. Wani yaro nawa, hannunsa ba ya rabuwa da tsohon rediyo da waya, na sa shi ajin kimiyya saboda mahaifinsa ya matsa, ni kuma na ji nauyi. Sau biyu kemistiri yana kayar da shi. Ya koma Farm Centre gyaran waya, yanzu sola yake haɗa wa mutane, yana da yara a ƙarƙashinsa. Amma har yau in mun gaisa cewa yake, "Ai ni karatu bai karɓe ni ba, Malam." Akwai kwalejojin fasaha, akwai NABTEB, hukumar jarabawar sana'o'in hannu da kasuwanci, tun 1992, ban taɓa zaunar da shi na faɗa masa ba. Wannan maganar tasa tana ci mini rai.

Ɗanka ma da sauƙi. Yana da kawu a asibiti, yana da waya a hannu, in ya faɗi za ka sake biya masa. Ka tuna da ɗan mai ga-ruwa da ke zaune kusa da shi, da yarinyar da ke zuwa daga bayan gari da farantin talla a kai. Su babu mai nuna musu komai in makaranta ba ta nuna ba, kuma dama ɗaya gare su. Saboda su nake ta wannan surutu.

Ga roƙona. Hutun nan ka bar yaron ya yi mako guda yana bin kawun nasa, ya ga jini, ya ga kwanan asibiti, ya yi mako guda kuma a shagonka. Sannan ka tambaye shi, ka yi shiru ya gama magana. In ya ce likita, ni zan riƙa zama da shi bayan tashi kan kemistiri, ba ko sisi.

Na biyu, an ce mini ka daɗe kana harkar yadi a Kantin Kwari. Ka zo ranar Laraba ƙarfe 11, ka faɗa wa ajina yadda kaya suke tasowa daga Sin su iso Kano, wa yake fito da su daga tashar jirgin ruwa, wa yake riƙe littafin lissafi. Mu 70 ne a ajin, kujera ɗaya ce mai lafiya, zan ajiye maka ita.

Wassalam,
Malamin ɗanka