Yaya, a mayar wa Baba littafin shago

Bradford, Ingila

Assalamu alaikum Yaya. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, kai da iyali da duk mutanen gida. Ya ƙarfin jikin Baba da Inna? Mu nan sai godiya, illa sanyi da duhu, tun kafin ƙarfe huɗu rana take faɗuwa.

Na rubuto ne maimakon saƙon murya don ba na so maganar ta shiga kunnen yara. Ranar Juma'a da muka yi waya da Baba, ina ta maimaita gaisuwa yana cewa "to, madalla", har ya miƙa wa Inna wayar. Ita ce ta gaya mini ya daina zama majalisar ƙofar masallaci bayan la'asar, rediyon ma ya ajiye, kuma tun bayan babbar sallah ka karɓi littafin shago ka ce ya huta. Na san tausayi ne, Allah ya saka maka. Amma don Allah ka mayar masa da littafin.

Gidan tsofaffin da nake aiki, yawancin mutanen ciki ciwon mantuwa ke damunsu, abin da muke ce wa gigin tsufa mu kau da kai. Farkon abin da aka koya mana shi ne ciwo ne, ba dole ba ne duk wanda ya tsufa ya same shi. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet, ƙarƙashin Farfesa Gill Livingston ta Landan, ya lissafa abubuwa 14 da idan aka magance su za a iya kauce wa kusan kashi 45 cikin 100 na wannan ciwo, ko a jinkirta zuwansa. Ba zan jero maka su duka ba. Waɗanda suka shafi Baba su ne raunin ji, hawan jini, zama wuri ɗaya da kaɗaici.

Kunnen ya fi tayar mini da hankali. Akwai wani dattijo da aka kawo mana, 'ya'yansa sun riga sun sallama cewa ya ruɗe. A yi masa magana ya yi murmushi, a tambaye shi shayi ko ruwa ya ce i. Da aka duba, dattin kunne ne ya toshe masa, ga kuma jin ya ragu dama. Aka wanke, aka sa masa na'urar ƙara ji 'yar mitsitsiya a bayan kunne. Mantuwar ba ta tafi gaba ɗaya ba, amma yanzu shi ke musu da mu a kan ƙwallo, har ya gyara mini lissafin canji. Idan mutum ba ya ji sosai, ƙwaƙwalwa kan ƙare ƙarfinta wajen tsinto kalmomi, ba ta samun sararin riƙe abin da aka faɗa. Sannan ga kunya. Kai ma ka san Baba, ba zai zauna cikin sa'o'insa yana ta cewa "na'am? me ka ce?" ba, gara ya shige ɗaki. Ni a ganina abin da ya raba shi da majalisa ke nan. Cibiyar kula da kunne ta ƙasa tana nan Kaduna, daga Zariya ba wata tafiya ba ce. In kun je ku biya asibitin ido ma a duba ko akwai yanar ido.

Sai hawan jini. Inna ta ce sai kansa ya yi ciwo yake shan maganin. Ba haka ake yi ba, kullum ne, ko da yana jin garau. Jini idan ya daɗe yana hawa yakan lalata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa, kaɗan-kaɗan, ba tare da ɓarin jiki ya shanye ba balle a lura. Ka lallaɓa matarka ta rage dunƙule da gishiri a miyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma dunƙule kansa gishiri ne. An taɓa yin wani bincike tun daga 1992, aka bi tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka a birnin Indianapolis. Sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna masu kamuwa da ciwon mantuwa a Ibadan ba su kai rabin na can ba, kuma mutanen Ibadan ɗin sun fi ƙarancin hawan jini da ciwon suga. Amma wancan zamani ne, yanzu wane gida ne babu mai hawan jini?

Batun littafi kuwa, wuƙar da aka adana don kada ta dakushe tsatsa ke cinye ta. Mutumin da tun kafin a haife mu yake riƙe bashin mutane da farashin buhu a ka, rana ɗaya a ce ya zauna ya kalli bango? A 2000 wata masaniya, Eleanor Maguire, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace titunan birnin kafin a ba su lasisi. Ta ga sashen da ke riƙe hanya da wurare ya fi na sauran mutane girma, kuma wanda ya fi daɗewa a tuƙi nasa ya fi. Ashe ƙwaƙwalwar babba ma tana ginuwa idan ana ba ta aiki. Ka bar shi ya yi lissafinsa da biro, in ma akwai kuskure ka gyara daga baya a ɓoye. Ka sa yara su riƙa kawo masa haddarsu yana karɓa, shi ma ya koma tilawarsa da murya. Kuma a daina ɗora shi a babur zuwa masallacin da ke bayan layi, tunda ƙafarsa lafiya lau. A haɗa shi da yaro su taka.

Duk wannan rage haɗari ne, lafiya ta Allah ce. Kada ku ɓata kuɗi a kan ƙwayoyin ƙara basira da ake talla a Facebook. Amma in kuka ga ya fara ɓata a hanyar da ya sani, ko yana ruɗewa a raka'o'in sallah, ko yana zargin an sace masa abin da shi ya ajiye, a kai shi asibitin koyarwa na Shika wajen likita. Kada a yi masa dariya, kada kuma a bari wani ya kawo zancen sammu.

Na turo kuɗin mota da na ganin likita ta asusunka, idan an rubuta na'urar ka gaya mini farashinta kafin ku saya. Kada ka ce masa ni na sa, ka ce kai ne lissafin ya sha maka kai. A gaishe da Inna da Gwaggo da matarka da yara, a ce wa Inna kuka da daddawar sun iso.

Wassalam,
Ƙanwarka