Filastar homon na cin fatar iyayenmu a zafin Jidda, me za mu ce musu?

Zuwa ga Hajiya Likita, mai amsa tambayoyi a filin lafiyar iyali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya ƙara miki lafiya da basira. Mu biyu ne muka haɗu muka rubuto miki daga Jidda, ɗaya ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren mata, ɗaya kuma tana aiki a saidaliyya, wato kantin magani. Abin da ya kawo mu shi ne filastar homon da likitoci ke rubuta wa iyayenmu da yayyenmu bayan ɗaukewar al'ada, ko bayan an cire wa mace mahaifa da ƙwayayenta. Maganin yana aiki, babu musu. Zafin nan mai taso wa mace ba zato yana lafawa, gumin dare yana raguwa, barci yana dawowa. Fata ce ke ƙi. Mata da yawa a nan da Makka sai su ɓare filastar su jefar tun ba a je ko'ina ba, ba su koma wa likita ba, ba su gaya wa kowa ba, saboda wurin da abin yake ba wurin nunawa ba ne. Sai zafin ya dawo, tabon kuma yana nan. An gudu ba a tsira ba.

Don masu sauraro su san abin da muke magana a kai: filasta ce siririya mai sakin sinadarin estradiol, wato homon ɗin mata da ke raguwa bayan ɗaukewar al'ada, ta fata a hankali, yawanci mikrogiram 25, 50, 75 ko 100 cikin awa 24. Wasu ana sauya su sau 2 a mako, wato bayan kwana 3 zuwa 4, wasu kamar Climara sau 1 a mako. Akwai tsohon samfuri mai ɗan aljihu a tsakiya da maganin ke narke cikin alkohol, shi ya fi cin fata, kuma ba a yanka shi ko kusa, don maganin zai tsiyaye. Sabon samfuri kuwa an gauraya maganin ne cikin danƙon kansa. Girmansu ma ba ɗaya ba ne ko da ƙarfinsu ɗaya. A mai ƙarfin 50, faɗin Estradot santimita 5 ne murabba'i, Climara 12.5, Evorel 16. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne a garin da gumi ba ya yankewa.

A ganinmu, takardar da ke cikin kwalin ba da ƙasarmu aka rubuta ta ba. Jidda ga zafi ga laimar teku, Makka kuwa da rani takan haura digiri 45. Mace ta sa kayan ciki, ta ɗora riga, ta ɗora abaya, ta fita daga sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta shiga rana ta sake dawowa. Gumi ya taru a ƙarƙashin filasta ya rasa mafita, fatar ta jiƙa ta yi laushi kamar yatsun wadda ta wuni tana wanki, sai abubuwan da ke cikin danƙon su sami hanyar shiga. Ƙofofin gumi su toshe, ƙurajen zafi su feso. Wani lokaci gindin gashi ne ke kamuwa ya yi ƙananan maruru. Ga shi fatar mace a waɗannan shekaru dama ta fara siririncewa da bushewa. Idan aka ɗaga filastar a rana ta huɗu, abin da ake gani shi ne siffarta sak a jiki, wurin ya ɗan tasa yana sheƙi, gefe-gefensa kuma da baƙin layi na danƙo da zaren tufafi da suka manne.

Abin da muke gaya musu tun farko ba ya wuce wanda aka sani. A manna ƙasa da ƙugu, a mara ko a saman mazaunai, ba a nono ba ko kusa da shi. Mun fi son mazaunai, domin fatar wurin ta fi jurewa, kuma babu lanƙwasa irin ta ƙasan ciki inda gumi ke kwanciya. A kauce wa layin da tazuge ko robar siket ko ɗaurin zani ke bi. A wanke wurin da ruwa, a bushe sarai, a jira jiki ya huce kamar minti 15 kafin a manna. Wannan jiran yana da muhimmanci a nan, domin da rani ruwan tankin saman gida da kansa yake tafasa da azahar, fatar da ta sha ruwan zafi kuma ta fi saurin fusata, ta fi zuƙar magani da sauri fiye da yadda aka tsara. Shi ya sa muke cewa a yi sauyin da dare ko bayan asuba. A danna da tafin hannu daƙiƙa 10 zuwa 20, musamman bakin-bakinta. Kada a maimaita wuri ɗaya sai bayan aƙalla mako 1. Ga mai sauyawa sau 2 a mako, wurare 4 sun wadatar: dama, hagu, sama kaɗan, ƙasa kaɗan, tana zagayawa. In akwai gashi a rage shi da almakashi, ba reza ba. Wajen cirewa a bi a hankali, a kwantar da filastar a jikin fata ana ja, ba a fizge ta sama ba, sannan a goge sauran danƙon da ɗan man zaitun ko man jarirai a auduga. Kwalin kuma a ajiye shi a ɗaki mai sanyi gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa, ba cikin mota ba.

Inda abin ke lalacewa shi ne wajen gyaran jiki, wanda takardar kwali ba ta san da shi ba. Mace ta yi halawa yau ta manna filasta gobe a kan fatar da aka tsige. Ta yi dilka ta murje saman fatar, ta shafa humra mai alkohol da turare, ko ta tsuguna a kan turaren wuta filastar na jikinta tana shan zafi. Wata ta shafa man kaɗanya ko man habbatus sauda da niyyar kare fatar, sai filastar ta ƙi kamawa, sai ta ɗauko filastar ciwo ta liƙe ta ta ko'ina, danƙo ya zama biyu, iska ta daina shiga gaba ɗaya. Mu dai muna cewa a ware wurin filasta daga duk wannan, a ba shi kwana 2 zuwa 3 bayan halawa ko dilka. Ba kowa ke ji ba, musamman lokacin biki.

To Hajiya, ga inda iliminmu ya tsaya muke neman naki.

Babbar damuwarmu ita ce rarrabe fatar da ta gaji kawai da fatar da jiki ya ƙi maganin ko danƙonsa baki ɗaya. Littattafai suna cewa a duba jan wurin. Fatar yawancin matanmu ba ta nuna ja. Sai dai ta ƙara duhu, ko ta yi toka-toka, ko ta yi launin makuba, har ma likitan da bai saba da baƙar fata ba ya duba ya ce babu komai. Mu mun koma amfani da yatsa: a shafa a ji ko wurin ya yi kauri, ko ya fi kewayensa ɗumi, ko akwai ƙananan ƙuraje. Abin da muka fahimta shi ne, idan gajiyar fata ce, alamar tana tsayawa daidai iyakar filastar, raɗaɗi ya fi ƙaiƙayi, kuma cikin kwana 2 zuwa 3 bayan cirewa ta lafa. Idan kuwa jiki ne ya ƙi, sau da yawa mace takan yi makonni ko watanni lafiya lau kafin abin ya fara, ƙaiƙayin ya hana barci, ƙuraje masu ruwa su fito, su tsallake iyakar filastar, kowane sauyi ya fi na baya muni, har tsofaffin wuraren da suka warke su sake tashi. Shin waɗannan alamu sun isa mu ce mata ta dakata ta nemi likitan fata ya yi mata gwajin nan da ake manna sinadarai a baya na awa 48, a sake dubawa a rana ta 3 ko ta 4? Ko kuwa daidai ne likitanta ya fara gwada wani samfuri mai danƙo daban, tunda sau da yawa danƙon ne mai laifi ba homon ɗin ba? In za a gwada, samfuri nawa kafin a haƙura? Muna tambaya ne domin ba kowace ’yar'uwa ce ke da inshorar da za ta kai ta wurin likitan fata ba.

Sai maganar man shafawa. Wanda muka sani shi ne hydrocortisone mai kashi 1 cikin 100, a shafa siriri sau 2 a rana a wurin da aka cire filastar, kada a wuce kwana 7, ba a ƙarƙashin sabuwar filasta ba. In ƙaiƙayi ya matsa, ƙwayar cetirizine miligiram 10 sau 1 a rana takan taimaka wa wasu. Amma muna jin cewa wasu likitoci na sa a fesa maganin feshin hanci irin su fluticasone a fata, a bari ya bushe, sannan a manna filastar a kai. Wannan ba ya cikin takardar ko ɗaya daga magungunan biyu, shi ya sa ba mu taɓa ba da shi da kanmu ba. Mene ne ra'ayinki? Tsoronmu shi ne ya danne alamar kawai alhali jiki na ci gaba da ƙin maganin, ko kuma ya siririnta fatar da za a yi shekaru ana manna mata abu.

Wannan ya kai mu ga tabo, wanda a gaskiya shi ya fi damun matan fiye da ƙaiƙayin. A baƙar fata duk inda ya yi kumburi yakan bar duhu bayan ya warke, duhun kuma yakan ɗauki watanni. Mace ta wayi gari da tabo huɗu ko biyar masu kusurwa a jikinta, tana da miji, wataƙila da abokiyar zama. Sai ta kama dirza da lemun tsami, ko ta nemi haɗin man bilicin da ake sayarwa a gidaje cikin robar da babu rubutu. Irin wannan haɗi sau da yawa akwai clobetasol ko betamethasone a ciki, dangin hydrocortisone ne amma masu ƙarfin gaske. Wurin zai yi haske na ɗan lokaci, sannan fatar ta siririnta, nankarwa ta fito, ƙyasfi da makero su sami wurin zama. Me za mu ba ta a madadin haka wanda ba zai cutar ba? Wadda kuma dama ta daɗe tana bilicin duk jikinta, a ina za a manna mata filasta, ko a ce kawai ba tata ba ce?

Idan filasta ta gagara, mun san akwai jel da ake shafawa da kuma na fesawa, dukansu ta fata suke bi. Ba ma gaggawar cewa a koma ƙwayar sha, domin ita tana bi ta hanta ne da farko, kuma ta fi haɗarin daskarewar jini a jijiya, musamman ga mai ƙiba ko wadda ta taɓa samun wannan matsala. Sai dai akwai tarko guda da muke roƙon ki faɗa da babbar murya. Wasu filastocin, kamar Evorel Conti, homon biyu ne a ciki. Mai mahaifa da ta bar irin wannan ta koma jel na estradiol shi kaɗai, ko don ƙawarta ta ba ta nata, ta bar bangon mahaifarta ba kariya, zai iya yin kauri har ya kai ga sankara. Dole likita ya haɗa mata da progesterone, homon na biyu mai kare bangon mahaifa, misali miligiram 100 kowane dare, ko 200 na kwana 12 a wata, ko a sa mata Mirena, robar da ake sawa a mahaifa mai sakin irin wannan homon. Jel ɗin ma da nasa sharuɗɗa: a bari ya bushe kamar minti 5, kada ruwa ya taɓa wurin har awa 1, kada kuma jikoki su goga jikinsu a wurin. Na fesawa irin Lenzetto a cikin damtsen ƙasa ake fesa shi, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, daidai inda alwala ke wankewa sau biyar a rana. Mu muna ganin bayan sallar isha'i ya fi, ko a koma cinya. Ko kina da wata dabara?

Alamomin da ba ma jira a kansu mun san su: kumburin fuska ko leɓe, numfashi da ƙyar, ko borin jini a duk jiki, a cire filastar a kira 997, lambar motar asibiti ta gaggawa a nan Saudiyya. Wurin da ya yi mugunya, yana faɗaɗa, ga zazzaɓi, balle ga mai ciwon suga, a ga likita a ranar. Haka ma kumburin ƙauri ɗaya mai ciwo, ko jinin da ya dawo bayan ya daɗe da ɗaukewa.

Akwai wata tambaya da ba tamu ba ce, ba kuma taki ke kaɗai ba. Wasu matan kan ɓare filastar duk lokacin wankan tsarki don ruwa ya game jiki, sannan su mayar da ita. Ta fuskar magani filastar tana jure wanka, amma wadda aka ɓare ba ta sake kamawa da kyau, kowace ɓarewa kuma tana tafiya da saman fata, in an ɗauko sabuwa kuwa kwalin wata ɗaya ya ƙare kafin lokacinsa. Hukuncin wannan ba mu da hurumin yankewa. Muna roƙon in da hali ki gayyato malami ko malama a zauna tare da ke a filin, ki bayyana yadda filastar take da dalilin barinta a jiki, su kuma su faɗi abin da shari'a ta ce, domin matan su ji daga bakin da za su yarda da shi.

Mun gode. Allah ya saka da alheri.

Ƙannenki biyu,
daga Jidda, ƙasar Saudiyya