Makullin difarenshal na baya: a auna kafin a ɗaura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani aiki da masu motoci masu jan ƙafa huɗu suke yawan sha'awa, wato ɗaura makulli a difarenshal na baya (akwatin giyoyin da yake raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin baya biyu) na motar da ba ta fito da shi daga kamfani ba. Ina goyon bayan wannan aiki ɗari bisa ɗari, kuma a ganina babu wani ƙari da za a yi wa motar shiga daji wanda yake sauya halinta kamar wannan. Abin da ya dame ni shi ne yadda mutane da yawa suke ɗaukarsa tamkar sauya batir, a kwance tsoho a ɗaura sabo a tayar da mota, alhali aiki ne na awo, wanda kuskuren da bai kai kaurin takarda ba yake iya cinye haƙoran giya gaba ɗaya.

Sai an fahimci ciwon kafin a gane amfanin maganin. Duk lokacin da mota ta sha kwana, tayar da take waje tana cin tazara fiye da wadda take ciki, saboda haka dole ne a bar kowacce ta juya da nata saurin. Aikin difarenshal ke nan, kuma a kan kwalta yana yin sa ba tare da direba ya ma san da zamansa ba. Sai dai difarenshal na yau da kullum yana raba ƙarfin juyi ne daidai wa daida tsakanin tayoyin biyu, wanda hakan yake nufin tayar da take kan busasshiyar ƙasa ba za ta samu ƙarfin da ya wuce na 'yar'uwarta da ta faɗa cikin laka ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da motar da ta hau gefen kwazazzabo a karkace ya ga abin da idonsa: tayar gaba ta hagu ta rataye a iska tana wulwulawa, ta baya ta dama tana watsa ƙasa tana haƙa rami, sauran biyun da suke zaune daram a ƙasa ko motsi ba sa yi, inji yana ta kuka, mota kuwa tana nan cik. Motar da aka saya da sunan mai jan ƙafa huɗu ta koma mai jan ƙafa biyu, kuma biyun da ba su da amfani. Makullin tsakiya, irin wanda tsohuwar Land Rover Defender take da shi, ba ya raba wannan gardama, domin shi gaba da baya kawai yake haɗawa, bai shafi hagu da dama ba.

Direban da ba shi da makulli dabara ɗaya ta rage masa a irin wannan wuri, ita ce ya ja da baya ya taho da gudu, ya bar nauyin mota ya tsallakar da ita. A nan ne ake karya abubuwa, domin tayar da take juyawa da ƙarfi a iska, idan ta dira ƙasa ta kama farat ɗaya, duk girgizar a kan sandar aksil, wato sandar da take kai juyi daga difarenshal zuwa taya, da haƙoran giya take sauka. Makulli yana haɗe sandunan baya biyu su zama kamar sanda ɗaya, ta yadda ko da taya ɗaya ta tashi sama, ɗayar za ta ci gaba da tura mota. Babban amfaninsa a wurina shi ne yana bai wa direba damar tafiya a hankali, a ƙaramar giya, ƙafa ba ta danne totur ba, yana kallon inda kowace taya za ta taka. Wanda ya ɗaura makulli domin ya ƙara wuta bai fahimci abin da ya saya ba.

Dalilin farawa da kulle baya kafin gaba a bayyane yake. A kan hawa, nauyin mota baya yake komawa, don haka tayoyin baya su ne masu riƙo. Aksil na baya kuma ba shi da gaɓoɓin da suke lanƙwasawa tare da sitiyari irin na gaba, waɗanda su ne suke fara fashewa idan aka matsa musu, sannan kulle gaba yana sa sitiyari ya yi tauri mota ta ƙi juyawa. Kamfanonin da suke ƙera motoci ma haka suka tsara. A Toyota Land Cruiser samfurin 80, wadda wasu daga cikinta suka fito da makullin gaba da na baya, makunnin ba ya barin a kulle gaba sai an fara kulle baya. Mercedes G tana da makullai uku, Jeep Wrangler Rubicon da ta fito a 2003 tana da na gaba da na baya, amma mafi yawan masu shiga daji na baya kaɗai ya ishe su.

Kafin in zo kan zaɓi, ina so in yi kakkausar magana a kan walda. Akwai masu buɗe difarenshal su narka ƙananan giyoyin ciki su liƙe su wuri ɗaya, su ce sun yi makulli a sauƙaƙe. Ga motar da ba za ta taɓa hawa titi ba, wannan ruwan mai ita ne. Ga motar da za ta ɗauki mutane a kan kwalta kuwa, ganganci ne. A kowace kwana tayar ciki sai ta ja ƙasa tana ƙara, tayoyi suna cinyewa, sandunan aksil suna murɗewa kullum ba hutu, kuma ranar da aka yi ruwa titi ya yi santsi, bayan motar zai iya zamewa ba tare da wani gargaɗi ba. Waldar kanta tana iya tsagewa, gutsattsarin ƙarfe su shiga tsakanin manyan giyoyi. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Makullan gaskiya iri biyu ne. Akwai masu aiki da kansu, irin su Detroit Locker na kamfanin Eaton, da ƙananan da ake sakawa a madadin giyoyin ciki ba tare da an taɓa saitin manyan giyoyi ba, kamar Lock-Right. Waɗannan a kulle suke muddin inji yana tura mota, sai a kwana su saki tayar waje ta yi gaba, shi ya sa ake jin ƙas-ƙas idan ana juyawa a hankali, wani lokaci kuma a ji wata ƙara mai ƙarfi kamar abu ya karye. Ba su da waya, ba su da bututu, ba su cika lalacewa ba, amma suna sauya halin mota a kan titi, musamman gajeriyar mota a kan hanya mai santsi. Iri na biyu su ne waɗanda direba yake kunnawa ya kashe: na iska, wanda ARB na ƙasar Ostareliya ya yi suna a kansa, da na lantarki irin ELocker na Eaton, da masu aiki da igiyar ƙarfe kamar OX. Ga motar da take raba rayuwarta tsakanin kwalta da daji, wadda kuma wani ban da mai ita zai iya tuƙawa, ni dai na biyun nake ba da shawara, domin idan aka kashe shi motar tana komawa yadda kamfani ya ƙera ta. A kuma lura cewa difarenshal mai rage zamewa, wanda wasu motoci suke fitowa da shi, taimako kawai yake yi, ba makulli ba ne, kuma mai faranti a ciki yana rauni idan farantan suka cinye.

Inda gizo yake saƙar shi ne dacewa da aksil. Sunan mota da shekararta ba su isa a yi oda da su ba, musamman tsohuwar mota da ta ratsa hannaye da yawa, wadda wataƙila an taɓa sauya mata aksil. Dole a zare sandar a ƙirga tsagogin da suke bakinta. Tsofaffin Land Rover suna da masu tsaga 10, na baya-bayan nan suna da masu 24; aksil samfurin Dana 35 da yake bayan Jeep da yawa yana da 27, samfurin Dana 44 da na Toyota mai babbar giya inci 8 suna da 30. Wannan ƙidaya tana kuma nuna ƙarfin sandar, kuma batun ƙarfi ba ƙarami ba ne, domin da zarar an kulle, duk ƙarfin da yake zuwa baya zai iya bi ta sanda ɗaya tak. Wanda ya haɗa makulli da manyan tayoyi a kan siririyar sanda yana gayyatar karaya, kuma a irin aksil ɗin da ɗan ƙaramin maƙali ne a ciki yake riƙe da sandar, kamar yawancin Dana 35, idan ta karye tayar tana iya zarewa ta fita da guntun sandar. Masu sayen difarenshal na hannu mai makullin kamfani daga motar da aka farfasa su ma su yi hattara. Lissafin giyar baya, wato yawan juyin farfela a kowane juyi ɗaya na taya, dole ya zo ɗaya da na gaba, domin idan gaba 4.10 ne baya kuma 4.56, da an saka jan ƙafa huɗu za su fara ja-in-ja har wani abu ya ba da kai. Irin na Toyota mai lantarki kuma ba ya zama a gidan aksil na yau da kullum sai an yanke masa gurbi an ƙara ramukan kusoshi, a wasu motocin ma sai an sauya sandar gefe ɗaya.

Shi kansa ɗaurin, makanike nagari yana fara shi da awo tun kafin ya kwance komai. Zai kafa agogon awo a kan haƙorin babbar giya mai zagaye, ya riƙe ƙaramar giyar da farfela take juyawa, ya girgiza babbar a hankali ya rubuta ratar da take tsakaninsu, domin giyoyin da suka riga suka saba da juna dole a mayar da su kan ratar da aka same su. A difarenshal na Toyota mai inci 8, ratar da kamfani ya ƙayyade tana tsakanin milimita 0.13 da 0.18, abin da hannu ko ido ba za su iya tantancewa ba. Zai yi wa murafan boris alama don kada na hagu ya koma dama, ya saka sababbin boris, ya ɗaure kusoshin babbar giya da sufana mai auna ƙarfi tare da maganin hana kwancewa, sannan ya daidaita matsin boris ɗin. Daga ƙarshe zai shafa wa wasu haƙora launi, ya juya giyar gaba da baya, ya duba sawun da ya fito. Idan sawun ya zauna a tsakiyar haƙori, shimfiɗe kamar ƙwai, aiki ya yi. Idan ya taru a baki ko a gindi, motar za ta yi kuka a kan hanya kuma giyar ba za ta daɗe ba. Duk makaniken da ya ce ba ya buƙatar agogo saboda hannunsa ya saba, a gode masa a nemi wani.

Makullin iska da na lantarki duka suna buƙatar a huda gidan difarenshal domin bututu ko waya su wuce, kuma ɓurɓushin ƙarfen da hudar ta zubar dole a wanke shi tas, domin ɗan abin da ya rage zai bi man giya ya shiga boris. A na iska, siririn bututun tagulla da yake ciki sai an lanƙwasa shi yadda ba zai goga babbar giya ba, kuma robobin da suke riƙe iska ba sa yafe datti ko yanka. Idan suka fara yoyo, za a ji kwamfuresa, wato injin da yake tura wa makullin iska, tana tashi a kai a kai, a kuma ga mai yana fitowa ta kafar numfashin aksil. Bututun waje da wayoyi a nisanta su da salansa, a bar musu sakin da zai ishe su lokacin da aksil ya sauka iyakarsa, a sa fis, a kuma sa makunnin a inda gwiwa ko hannun yaro ba za su taɓa shi bisa kuskure ba. Gwajin farko a gareji ake yin sa: a ɗaga tayoyin baya biyu, a juya ɗaya da hannu. Idan makulli a kashe yake, ɗayar za ta juya ta kishiyar hanya. Idan an kunna, su biyun za su tafi tare.

Saura tuƙi. Ana kunna makulli ne kafin a shiga wurin wahala, mota tana tsaye ko tana rarrafe. Kunna shi lokacin da taya ɗaya take wulwulawa yana farfasa haƙoransa. A yawancin motocinta, Toyota ta tsara nata ya yi aiki a ƙaramar giya, ta kuma gargaɗi direbobi kada su wuce kilomita 8 a awa da shi, sannan na'urar hana birki kullewa tana daina aiki muddin yana kunne. A kan gangaren da mota take ratsawa a karkace, musamman mai laka, makulli yana iya zama abokin gaba, domin idan tayoyin baya biyu suka zame tare babu wadda za ta riƙe motar, sai bayan ya sulale ƙasa. Yana kuma tura mota ta miƙe a inda ake so ta juya, don haka da an wuce wurin a kashe shi, idan bai saki nan take ba a ɗaga ƙafa daga totur a ɗan karkaɗa sitiyari. A cikin yashi mai zurfi kuwa, rage iskar taya ya fi makulli amfani nesa ba kusa ba, kuma motar da cikinta ya zauna a ƙasa babu makullin da zai fitar da ita sai shebur da igiyar ja.

Roƙona ga masu motoci shi ne, duk wanda zai kai wannan aiki ya nemi a rubuta masa ratar giyar kafin a kwance da bayan an ɗaura, a nuna masa sawun launin a kan haƙora kafin a rufe, sannan bayan fitar farko ya taɓa gidan difarenshal ya ji zafinsa, ya duba yoyo, ya kuma zubar da man ya ga ko akwai ƙarfe a jikin maganaɗisun kusar magudana. Makanikai kuma ina roƙonsu su riƙa gaya wa mai mota gaskiya idan aksil ɗinsa ba zai ɗauki makulli da girman tayoyin da yake so ba, ko da hakan zai sa aikin ya kuɓuce musu.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum