Alaimen ba juya sifana har allo ya yi kore ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Na rubuto ne kan rubutun da kuka buga kwanakin baya game da koyon sana'a, inda wani bawan Allah ya ce wai ɓata lokaci ne mutum ya je kwaleji don ya koyi gyaran sitiyari da ƙafar mota da alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyin mota, tunda yanzu kwamfuta ce ke yin komai, ka ɗora mota a na'ura ta nuna maka ja, ka yi ta juya sifana har ya koma kore shi kenan ka gama. Ni ɗalibi ne a wannan fannin kuma gaskiya maganar ta tsaya min a rai, don irin wannan tunanin ne yake sa mutum ya kai motarsa alaimen yau, ba a jima ba taya ta cinye gefe ɗaya, ya koma yana faɗa da wanda ya sayar masa da tayar alhali tayar ba ta da laifin komai.

Na'urar nan fa abin da ta gani a lokacin da mota ke tsaye kawai take faɗa maka. In tayarod, sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya, ya yi sako-sako, ko bushin, robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar mota, ya fashe, za ka iya saita komai ya yi kore tas, amma ana sauke motar ta taka ramin farko lambobin sun gudu. Shi ya sa a farkon karatu ko kusa da na'urar ba a barinmu mu je. Iskar taya ake fara dubawa, sai a ga ko tayoyin girmansu ɗaya, sai a auna tsayin mota daga ƙasa a kowane gefe don in sifirin na gefe ɗaya, wato ƙarfen nan mai lotsawa da ke ɗauke da nauyin mota, ya kwanta to duk awon da za ka yi daga baya ƙarya ne. Sannan a ɗaga mota, ka kama taya da hannu biyu dama da hagu ka girgiza, in akwai motsi yawanci tayarod ne, ka sake kamawa sama da ƙasa, in ta motsa ka duba bol join, wato dunƙulalliyar mahaɗar da taya ke juyawa a kanta, ko boris. Wani yana girgizawa kai kana ƙasa da fitila kana neman ainihin inda motsin yake fitowa, don ba a canza kaya da zato.

Abin da ya fi burge ni ma shi ne karatun taya. Malaminmu yakan jero tsofaffin tayoyi ya ce kowa ya shafa da tafin hannu kafin ya buɗe baki. Akwai wadda in ka shafa ta wannan ɓarin sumul, in ka dawo da hannun sai ta riƙa kama ka kamar haƙoran zarto, wannan to-in ko to-awut ne, wato inda gaban taya ya kalla, ya kauce, tayar tana tafiya tana kirɓar kwalta a karkace. Wadda ta cinye gefe da gefe tsakiya na nan, ƙarancin iska ne. Wadda tsakiyarta ya cinye, iska ta yi yawa. Wadda gefe ɗaya ya siɗe sumul, ka tuhumi kamba, wato jinginar taya. In kuma ka ji tudu da kwari tudu da kwari a zagayen tayar to shoka ta mutu, tayar tsalle take a hanya, kuma ko sau goma ka yi alaimen ba zai hana ba. Ka ga tun mota ba ta hau na'ura ba ka riga ka san rabin labarinta.

Kusurwoyin da ake dubawa a alaimen uku ne manya. Kamba shi ne yadda kan taya ya jingina ciki ko waje in ka tsaya a gaban mota, kuma in na gefe ɗaya ya fi ɗan uwansa jingina waje, motar can za ta riƙa ja. Kasta ba ya ganuwa da ido haka kawai, shi ne karkatar sandar da taya ke juyawa a kanta in ka kalla daga gefe, shi ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan ka sha kwana. Sai to-in da to-awut, wato ko gaban tayoyin na kallon juna ko suna kallon waje, kuma shi ne ya fi kowa saurin cin taya. An sa mu mun yi lissafin a aji da kanmu, in taya ta kauce da digiri 1 kacal daga inda mota ta nufa, a duk kilomita 1 ana jan ta a gicciye kusan mita 17. Digiri 1 fa, abin da idonka ba zai kama ba. Shi ya sa littafin kamfani yake ba da awon da minti-minti, digiri ɗaya minti 60 ne, ba a cewa ai ya yi daidai-daidai.

Toh ga inda maganar juya sifana har ya yi kore take rushewa gaba ɗaya. Motoci da yawa, musamman masu ƙafar gaba irin wadda injiniyan Amurka Earle MacPherson ya ƙera a ƙarshen shekarun 1940, inda shoka da sifirin suke haɗe wuri ɗaya, kamfani bai bar wurin saita kasta ba, wasu ma har kamba babu. In allo ya nuna ja a nan babu abin juyawa, ma'anarsa wani ƙarfe ya lanƙwashe ko wani abu ya ci, sai ka nemo shi. Wanda bai san dalili ba me zai yi? Zai saita to-in kawai ya sauke mota ya ce an gama. Haka kuma akwai tsarin da ake bi, baya ake fara dubawa kafin gaba, don in tayoyin baya suna tura mota gefe to sitiyari ba zai taɓa zama a miƙe ba, sannan kasta, kamba, to-in a ƙarshe saboda taɓa na farkon yana motsa shi.

Akwai kuma wani abu da ya girmi motar ma kanta. In mota za ta sha kwana tayar ciki dole ta fi ta waje juyawa, tunda da'irar da take bi ta fi ƙanƙanta. Wani maƙerin keken doki a birnin Munich na Jamus, Georg Lankensperger, shi ya tsara wannan, Rudolph Ackermann ya yi masa rajista a Ingila a 1818, har yau da sunan Ackermann ake kiran tsarin. Amfaninsa a wurin aiki shi ne, motar da ta daki gefen titi hannun sitiyarinta ya ɗan lanƙwashe, za ka iya saita ta a miƙe ta yi kore lafiya lau, amma tana shan kwana taya ta kama ƙara. Sai ka ɗora tayoyin gaba kan faifan awo ka juya dama ka juya hagu ka kwatanta sannan za ka kama ta.

Sannan maganar rai. Sifirin da aka matse in abin matsewar ya kuɓuce yana iya kashe mutum nan take, wallahi ba wasa ba ne, kuma ba a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ne ke riƙe da ita. Bushin ɗin lowa am, wato ƙarfen ƙasa da ke haɗa taya da jikin mota, ba a ɗaure shi ƙarshe mota na rataye a sama, sai nauyinta ya zauna kan tayoyi, in ba haka ba robar tana zama a murɗe ta yage da wuri. In ka cire rak, ƙarfen da ke mayar da juyin sitiyari ya zama turin tayoyi dama da hagu, ba ka ɗaure sitiyari ba wani ya zo ya wulwula shi, siririyar wayar da ke naɗe a bayansa mai kai wuta ga eyabag da hon ta tsinke. Notin tayarod da bol join kowanne da ƙarfin ɗaurinsa a rubuce, da sifanar awo ake ɗaurewa, don bol join in ya fita mota na gudu taya ce ke naɗewa ƙarƙashinta.

Kuma motocin suna ta canzawa. Sitiyarin da ƙarfin mai ke sauƙaƙa juya shi, kamfanin Chrysler ne ya fara sa shi a motar kasuwa a 1951, na lantarki kuma Suzuki ta fito da shi a 1988, yanzu kusan duk ƙananan motoci sababbi na lantarki ne. Akwai sensa da ke gaya wa kwamfutar mota inda sitiyari ya kalla, a motoci da yawa in ka gama alaimen sai ka sake nuna mata tsakiya da na'urar bincike, wasu masu kyamara a gilashin gaba ita ma sai an daidaita ta.

Ban ce duk wanda ya koya a gareji bai iya ba fa, Allah ya kiyaye, akwai manyan iyayen gidanmu da in suka zauna a mota suka ji ƙarar ƙwas ɗaya za su faɗa maka linkej ne, wato 'yar sandar haɗi ta ƙafar mota, ko bushin, kuma ya zama hakan. Kwalejin ma tana da nata, wani lokaci ɗalibai sun yi wa mota ɗaya yawa, biyu na aiki saura na kallo, ga notocin motar koyo an kwance su an ɗaure har sun zama da hannu ma suna fita, noti mai tsatsa da ya ƙi motsi sai a gareji za ka haɗu da shi. Don haka masu tsara karatu su ƙara mana lokacin fita aiki a waje, wannan kam ina tare da mai rubutun.

Roƙona Malam Edita, dan Allah ku samo malamin wannan fanni da gogaggen bakanike ku haɗa su su yi wa masu motoci bayani, ko don a daina kai motar da sitiyarinta ke rawa a kan gudu wurin alaimen alhali yawanci balansin, wato daidaita nauyin taya, take so. Kuma duk wanda zai kai motarsa ya tambaya ko an duba ƙafar kafin a ɗora ta, ya ce a nuna masa awon kafin gyara da na bayan gyara, na gaba da na baya duka.

Na gode, a huta lafiya.

Mai karanta ku,
ɗalibin kanikancin mota