Zuwa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate: korona ta tafi amma ta bar mana ciwo a zuciya

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni nas ce a Kano, na daɗe ina son rubuto maka wasiƙar nan sai dai duk sanda na ɗau waya sai in ajiye, don a wajenmu kana cewa kana da damuwa za a fara yi maka kallon mai taɓin hankali ko a ce aljanu ne a nemo mai ruƙiyya.

Na san ba kai ne kan kujerar ba a 2020, amma likita ne kai, ka san abin da ya faru a garin nan watan Afrilu lokacin da aka kulle Kano, manya suna ta faɗuwa, masu haƙa kabari suna cewa ba su taɓa ganin irinta ba. Kowa yana gida mu muna asibiti, takunkumi ɗaya ka kwana biyu da shi, alawus ɗin haɗari kafin nan naira 5,000 ne a wata, wallahi ko kuɗin adaidaita bai kai ba. In na taso daga dutin dare a soro nake cire kaya, ƴata tana rugowa ta rungume ni ina daka mata tsawa ta koma, maƙwabta kuwa har hana yaransu shigowa gidanmu suka yi wai zan shafa musu. Wasu kuma a lokacin suna cewa ƙarya ce babu korona, mu da muke lulluɓe gawa da hannunmu.

To yau shekaru sun wuce amma har yanzu barci baya zuwa min daidai, in naji mara lafiya yana fama da numfashi sai gabana ya yanke ya faɗi hannuna ya kama rawa. Wata abokiyar aikina da a da tafi kowa raha yanzu magana ma da kyar take yi, wani kuma ya tattara ya tafi Saudiyya yace shi ya gaji. Ba wanda ya taɓa zaunar damu ya ce ya kuke ji, ko sau ɗaya.

Ranka ya daɗe, a Janairun 2023 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin waccan ta 1958 ta zamanin Turawa, munyi murna sosai. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 basu kai 300 ba, kuma wace nas ce zata yarda a ganta a layi a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Kware ko Barnawa gobe ta dawo wodi a riƙa nuna ta da baki?

Abin da nake roƙo ba mai yawa bane. A ware ɗaki ɗaya a kowane babban asibiti da ƙwararre mai sauraro wanda ma'aikaci zai gani a sirrance ba tare da an kai maganar fayil ɗinsa ba, a saka shi cikin inshorar lafiya, in likita ya rubuta wa mutum hutu saboda damuwa a karɓa kamar yadda ake karɓar na maleriya. Kuma don Allah kar a manta da masu shara da masu gadi da direbobin ambulan, su ma sun ɗau gawar nan tare damu.

Allah ya taya ka riƙo.

Wata nas daga Kano.