Wasiƙa zuwa ga ɗana kan wutar motarsa mai ɗaki

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Na ga hotunan motar da ka saya, mai gado da madafa a ciki, irin wadda mutanen Amurka ke tafiya hutu da ita. Allah Ya sanya alheri. Sai dai da ka ce mini a waya ba ka kashe komai idan za ka koma kan janareta, wai motar ce ke sauyawa da kanta, hankalina bai kwanta ba.

Gaskiya ne akwai ɗan akwati mai sauya layi tsakanin turken wuta na wurin da kuka yada zango da janareta, kuma aikinsa kada wutar biyu ta taɓa haɗuwa. Jinkirin daƙiƙa 20 zuwa 30 da kake gani ba lalacewa ba ce, jira yake janareta ya daidaita. Amma abin da ke kashe wannan akwatin shi ne a sauya wuta alhali manyan kaya na aiki. Ni ma na yi wannan gaggawar a wurin aiki ina saurayi. Da muka buɗe murfin, bakin tagullar da ke haɗa wuta ya yi baƙi ƙirin, robar gefe ta narke kamar kyandir, warin kuwa ya kwana a hancina. Duk lokacin da ƙarafan nan suka rabu da lodi a kansu, tartsatsi ne ke tashi yana cinsu kaɗan-kaɗan, har ranar da za su manne ko su kama wuta.

Saboda haka, fara kashe na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwa da maikirowef. Ka je turke ka sauke makunninsa, sannan ka zare filogi. In jonawa za ka yi, makunni a kashe, ka cusa filogi ya zauna daram kafin ka ɗaga. Janareta kuwa ka bar shi ya yi minti biyu ko uku ba lodi, sannan ka kunna kayan ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka kashe shi ma, sauke lodin ya ɗan huce. Na'urar sanyi takan so hutun minti uku zuwa biyar kafin a sake tada ta, kada ka matsa mata.

Ka san ƙarfin layinka. Mai amp 30 a kan bolt 120 iyakarsa wat 3,600, mai amp 50 kuwa layi biyu ne, yana kai wat 12,000. Mahaɗin da ke ba ka damar jona babbar mota a ƙaramin turke ba ya ƙara maka wuta ko ɗis.

In ka taɓa jikin motar ka ji ta ɗan ja ka, ko yaya ne, kashe makunnin turke ka zare, kada kowa ya taka ƙofar sai mai gyara ya duba. Waya mai filogi a kai biyu kuma, kada ta shiga motarka, ko kyauta aka ba ka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hayaƙi. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi. Ka rufe tagar da ke kusa da salansa, ka gwada na'urar da ke gargaɗi kan wannan iskar kafin kowace tafiya, kuma kada ku kwanta janareta na aiki. In janaretan irin wanda ake ɗauka a hannu ne, ajiye shi aƙalla mita 6 daga motar, salansa na kallon wani gefe. Yaran su suka fi kusa da tagar baya, na gani a hoton.

Mahaifiyarka na gaishe ku. Ka kira ni daren farko da kuka sauka.

Mahaifinka